Ɗaurin aure a bakin teku a ƙasar waje: shawarwarin waɗanda suka yi

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a raba biki da rajista. Da yawa sun yi rajistar aurensu a ƙasarsu, suka tafi bakin teku don shagali kawai. A Maldives ma ba wani zaɓi, domin bikin da otal ke shirya wa baƙi ba shi da ƙarfin doka.

Wanda ya nace sai a can za a ɗaura, to ya ɗaura ɗamarar neman takardu: fasfo, takardar haihuwa, shaidar cewa babu abin da ya hana shi aure, da takardar saki in ya taɓa yi. A Tailan, sai ofishin jakadancinka ya ba ka shaidar, a fassara ta, Ma'aikatar Harkokin Waje ta buga hatimi, sannan a nufi ofishin gunduma. A tsibirin Bali na Indonesiya sai an ɗaura auren addini kafin hukuma ta rubuta. Wasu jihohin Meziko kuwa har gwajin jini suke nema.

Abin da aka fi mantawa shi ne hatimin apostille na yarjejeniyar Hague ta 1961, wato hatimin da ke tabbatar da ingancin takardar wata ƙasa don a karɓe ta a wata. Ka tambayi hukumar ƙasarku tun kafin ka sayi tikiti ko shi take karɓa a kan takardar auren, ko sai tabbacin ofishin jakadanci.