Shin Kalmar Siraɗi Daga Latin Ta Fito?

Ɗalibar harsuna: Salamu alaikum. A aji yau aka ce mana siraɗi asalinta Latin ce, daga "strata", wato hanyar da Rumawa suka shimfiɗe da duwatsu. Tun ɗazu abin ke cin raina, don kullum da ita nake sallah. Malamai ku taimaka.

Alaramma: Wa alaikumus salam. 'Yata, bar wannan magana. Allah Ya ce Ya saukar da shi Alƙur'ani Balarabe, aya ta 2 a Suratu Yusuf. Imamu Shafi'i a cikin littafinsa Risala ya yi kakkausan raddi ga masu cewa akwai baƙon harshe a cikinsa. Siraɗi daga "saraɗa" take, haɗiyewa, don hanya tana haɗiye matafiya. Shi ya sa Ƙumbul, ɗaya daga cikin masu ruwayar ƙira'a, ya karanta ta da sinun, mu masu Warshu da sadi.

Malamin Larabci: Allah gafarta Malam, ba Turawa suka fara faɗa ba. Suyuɗi, wanda ya rasu 911 Hijira, ya kawo ta a littafinsa Itƙan cikin kalmomin da aka mayar Larabci, ya ce hanya ce a harshen Rum. Kuma Suyuɗin nan ba baƙonmu ba ne, har sarakunan Katsina da Agadas ya yi wa wasiƙa. Rumawa sun mallaki Sham ɗaruruwan shekaru. Akwai hanyar sojojinsu da ta ratsa garin Tadmur zuwa kogin Furatu, sunanta Strata Diocletiana, kuma fataken Makka Sham suke zuwa kasuwanci. Me zai hana su ɗauko sunan?

Alaramma: Kama da wane ba ta wane, Malam. Sauti ya yi kama, shi ke nan sai a yanke hukunci?

Malamin Larabci: To dinari fa? Yana aya ta 75 a Ali Imrana, kuma "denarius" kuɗin Rum ne, babu mai musu. Abu Ubaid, ɗaya daga cikin magabatan malaman lugga, ya raba gardamar tuntuni: tushen baƙo ne, amma Larabawa sun sarrafa kalmar da harshensu kafin saukar wahayi, ta zama tasu. Kamar yadda ba wanda zai ce wa Bakatsine "sabulu" ba Hausa ba ce, ko da yake aro ce.

Hajiya mai Islamiyya: Ni abin da ya fi damuna daban ne. Ku tambayi ɗalibaina matan aure menene siraɗi, duk za su ce gadar da aka gitta kan wuta, wadda ta fi gashi siriri, ta fi takobi kaifi. Ba sa jin hanya a cikinta ko kaɗan. Wata ta taɓa ce mini ita in ta kai "ihdinas siraɗal mustaƙim" roƙon tsallake gadar take yi. Na daɗe ina mata bayanin cewa a Fatiha tafarki ake nufi, na yau da gobe, wanda take kai tun daga kicin har kasuwa.

Ɗalibar harsuna: Mama, wallahi ni ma haka na taso. Bahaushe bai taɓa kiran titin Kano zuwa Zariya siraɗi ba.

Alaramma: Nan kam Hajiya ta yi gaskiya, gada a hadisi ta zo, ta Fatiha kuwa hanya ce. Amma asalin Rum ban karɓa ba. Malam, turo mini shafin Itƙan ɗin, zan duba da idona bayan isha'i.