Shawarwari kan zubar jini a cikin mai cutar daji

A wata tattaunawa da ma'aikatan jinya suka yi kan masu karɓar maganin cutar daji, abin da aka fi nanatawa shi ne mai jinya ya riƙa duba bayan gidan majinyaci ba tare da ƙyama ba. Idan ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo da wari, ko amai ya zo da jini, to akwai yiwuwar jini na zuba a ciki, sai a garzaya asibiti. Sun ce maganin ƙarin jini ma yana baƙanta shi, amma likita ne zai bambance.

Maganin cutar yana rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini, galibi tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an saka wa majinyaci maganin ta ƙarin ruwa, shi ya sa suka hana sayen ibuprofen, diclofenac ko asfirin a kemis don ciwon jiki, saboda suna iya ƙara zubar jini. Wannan gargaɗin ya fi damuna, domin da su muka saba.

Wadda aka yi wa gashi, wato ƙona dajin da hasken na'ura, saboda dajin bakin mahaifa kuwa, jini na iya fito mata ta dubura bayan watanni, kada a ɗauke shi basir.