Za a sake ɗibar ɓargon Baba, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Za a sake yi wa mahaifina gwajin ɓargo a nan Katsina, jininsa ke ta yin ƙasa. A karon farko an yi masa allurar kashe zafi a bayan ƙugu, amma fata da saman ƙashi kawai take kashewa. Da aka zo zuƙo ɓargon sai da ya damƙe ƙarfen gado, gumi ya karyo masa, dattijon da bai san raki ba. Yanzu ya ce ba zai koma ba, ƙarin magani kuma ba ya so.

Na ji ana cewa jan numfashi a hankali da sauraron karatun Alƙur'ani suna taimakawa. Don Allah wanda aka taɓa yi wa, me ya rage masa zafin? Ana barin ɗa ya shiga ya riƙe hannunsa?