Hunturu ya shigo, ya ake ciki a wajenku?

'Yar Wusasa:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah kowa ya ɗan ba mu labarin yadda sanyin nan yake a garinsu da abin da yake jin daɗinsa, don ni duk shekara ba lokacin da nake so kamar Disamba. Mu nan tun sati biyu kafin Kirsimeti matan zumunta ke fara koyon waƙa da yamma, kana ɗaki kana jiyo kiɗan tulu, mu kuma muna tsakar gida muna murza cincin kusa da murhu, hannu duk ya bushe amma ba mai son tashi saboda ɗumin wutar. Ran 25 kuwa sai maƙwabcinmu musulmi ya zo ya yanka mana kaji don kowa ya samu ya ci, yara su yi ta kai kwano gida gida, da sallah su ma haka suke aiko mana.

Ɗan Bukur:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ai in ana maganar sanyi a bar wa mutanen Jos, garin da ke kan tudu sama da mita 1,200, da asuba ruwan randa ba ya taɓuwa, alwala sai an ɗora buta a wuta. Amma wallahi akwai daɗi, ka fito masallaci ka zarce teburin mai shayi, kauri da biredi da ƙwai, kowa da hular sanyi har kunne ana hira baki na hayaƙi. Da rana kuma gwaten acca mai zafi da yakuwa, ai shi kenan.

Maman 'yan biyu, Kano:
Ni dai faso ne damuwata, ƙafa duk ta tsage, yara leɓe ya fashe, na gwada basilin bai riƙe su ba sai da na koma man kaɗe, a shafa da daddare a sa safa. Suwaita kuma gwanjon Ƙofar Wambai na je na ɗauko musu, in kina so ki je da wuri anti, da sanyi ya kankama kuɗin ke tashi. Abin da nake so a lokacin nan shi ne rake da kunun gyaɗa, ga tumatir na rani ya fara shigowa, miya ta yi ja. Sabon Gari kuma ya yi sauƙin cunkoso don 'yan kasuwa da yawa sun tafi gida bikin.

Ɗan Bukur:
Hajiya ki haɗa da ɗan man zaitun, haka tsohuwarmu ke yi.

Malamin asibiti:
Ku yi haƙuri zan ɗan katse daɗin hirar. Duk shekara sai an kawo mana mutanen da suka kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, wasu ba sa tashi, iskar da gawayin ke fitarwa ba ta da wari balle ka ji ta, barci kawai za ka yi. Ku ji ɗumi a waje ko a bar taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Masu asma kuma su sa takunkumi in hazo ya sauka, ƙurar nan daga hamada take tasowa, yawanci ta wajen Cadi. Sannan in akwai tsohon bargo a gida, almajiran unguwa na kwana a zaure, abin yana taɓa ni ƙwarai.

Ɗan Damagaram:
Allah ya saka malam. Mu nan ɗari muke cewa, kuma manoman alkama addu'a suke ya ƙaru. Ƙarshen Disamba galibi lokacin kokawar takobi ne, wato gasar kokawar gargajiya ta ƙasa a nan Nijar, sai mu taru a fada, wato majalisar hira, da rediyo, an ɗora shayi kan gawayi, na farko mai ɗaci na biyu na uku, kowa na goyon ɗan kokawar jiharsa ana ta gardama har dare ya raba, kowa ya ja rawani ya rufe hanci ya nufi gida.

'Yar Wusasa:
Kai yaya, ka sa ni kwaɗayin shayin nan. Malam na gode da tunin, yanzun nan zan kira mama don ita ba ta rabuwa da kasko.

Ɗaliba a Ingila:
Ni kam kuna ta ba ni kewa. Nan kafin ƙarfe 4 na yamma gari ya yi duhu, sanyin mai jiƙa ne ba irin namu busasshe ba, fitilun Kirsimeti a kan titi suna da kyau sosai ba ƙarya, amma ran bikin shaguna a rufe, ba bas, kowa na cikin gidansa, ba yaron da zai ƙwanƙwasa ƙofa da kwanon shinkafa. Wata 'yar Kafanchan da muke zaune tare ta ce bana za mu dama kunun tsamiya mu soya ƙosai, gero ne dai ba mu samu ba tukuna, wa ya san inda ake sayarwa a Manchester?