Dan Allah wa ya taɓa yin bankrofsi kan bashin kuɗin nakasa a Amurka?

Direban Bronx: Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema dan kaina ya ɗau zafi. Ni tsohon direban tasi ne, ciwon baya ya kwantar da ni aka yi min aiki, tun 2019 nake karɓar kuɗin nakasa. A 2022 aka sa ranar 'yata a Kano, kun san kayan ɗaki, uwarta ta kafe sai gado da kujeru irin na 'yar ƙanwarta, ga gara, ga dangi kowa ya zuba min ido wai uba na Amurka, shi ne na kama gadi a wani shago da dare, zama ne kawai kan kujera. An yi biki lafiya, ni kuma na ci gaba da gadin dan haya ta ƙaru. Yanzu ga wasiƙa daga Social Security, hukumar da ke biyan kuɗin nakasar, wai an biya ni fiye da ƙa'ida, in dawo da dala dubu 23, in ba haka ba za a riƙa yankar rabin abin da nake karɓa. Wani a masallaci ya ce in je kotu in yi bankrofsi a shafe bashin. Da gaske ana shafewa?

Baban Khalifa: Wa alaikumussalam. Ana shafewa mana, ni na yi Cafta 7 da kaina, wato nau'in bankrofsin da ake shafe bashi. Wannan bashin a doka layi ɗaya yake da bashin katin kiredit da na asibiti. Kuɗin kotu dala 338, in ba ka da hali ana iya ɗauke maka. Ranar da ka shigar da takarda duk mai binka sai ya dakata, bayan wata huɗu haka a sallame ka. Kuɗin nakasar ma ba sa shiga lissafin da ake yi na ganin ko ka cancanta. Ka samu lauya gobe.

Sani Columbus: Haba Alhaji kar ka kai shi ka baro. Bashin gwamnati baya mutuwa, ƙanin matata har yau bashin makaranta na wuyansa bayan ya yi bankrofsin.

Baban Khalifa: Sani bashin makaranta da haraji da kuɗin ciyar da yara dokarsu daban, an ware su da suna. Wannan ba ya cikinsu. Ni abin da ya ƙona min rai lauyan farko da na ɗauka, ya karɓi kuɗina ya daina ɗaga waya, sai da na ranci kuɗi na ɗauki wani.

Maman Hanan: Baba sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Tafinta nake yi, ina ganin irin wannan. Ba ka faɗi abu biyu ba, kuɗin nakasar SSDI ne (na wanda ya yi aiki ya biya haraji) ko SSI (tallafin marasa hali), kuma yaushe wasiƙar ta zo? Tunda ka ce rabi inaga SSDI ne, dan daga Afrilun 2025 rabi ake yanka a nan, SSI kuma kashi 10 cikin ɗari. Kwana 60 gare ka ka ce ba ka yarda da lissafin ba, fom SSA-561. Lissafin na da muhimmanci, mai SSDI yana da wata 9 na gwajin aiki da ko nawa ya samu kuɗinsa cikakke ne, bayan nan sai watan da albashinsa ya haura iyaka ake ƙirgawa, a 2024 iyakar dala 1,550 ce. Akwai kuma fom SSA-632 na neman yafiya, shi ba shi da wa'adi, sai dai ka nuna ba laifinka bane kuma in ka biya ba za ka iya riƙe gida ba. Duk kyauta ne. Ka sanar da su ka fara gadin?

Direban Bronx: 'Yata ni ban ɓoye komai ba, ana cire min haraji duk sati biyu, duk shekara ina cike takardar haraji, ai gwamnatin ɗaya ce. Fom kuma na gaji da shi wlh, sai da na sha wahalar shekara biyu kafin a fara ba ni kuɗin nan.

Maman Hanan: Biyan haraji daban, sanar da su daban Baba. Kuma nan ne matsalar bankrofsin, in suka ga da gangan aka ɓoye aiki suna da ikon shigar da ƙara a cikin shari'ar su ce yaudara ce, kwana 60 gare su daga ranar da aka sa ta zama da masu bin bashi. In alƙali ya yarda, bashin na nan, tabon kuma shekara 10 a kiredit ɗinka. Sannan wasu kotuna sun taɓa barin a ci gaba da yanka daga kuɗin wata-wata, wasu sun hana, ya danganta da yankin da kake.

Baban Khalifa: Hajiya tsoratar da shi kawai kike. Su ne za su kawo hujjar yaudara, mutumin da ke biyan haraji da sunansa ina yaudara? Yafiyar nan ka cike shafi kusan goma, su ƙirga maka har kuɗin shayi, ƙarshe a ce a'a. Kotu ce ke yanke magana gaba ɗaya.

Malam Idi: Ni ta fuskar addini zan yi magana. Ya tabbata a hadisi shahidi ana gafarta masa komai banda bashi. Alƙali ya shafe a takarda, to a can fa? Gara ka roƙi yafiya, in mai bin bashi ya yafe da bakinsa magana ta ƙare. Ni akwai wanda na ranta wa dala dubu biyu a nan garin, ya yi wannan bankrofsin, yanzu sahu ɗaya muke sallah ko kunya babu.

Direban Bronx: Malam ni ba ranta na yi ba, turo min aka yi. Wata tambaya, ina da ɗan fili a Kano ta wajen Rijiyar Zaki, da sunana takardar take, da zubin adashe da zan kwasa bayan Sallah. Wannan ai bai shafe su ba ko?

Baban Khalifa: Wa zai hau jirgi ya je Rijiyar Zaki aunon fili? Ka mayar da shi sunan ƙaninka kawai.

Maman Hanan: A'a dan girman Allah kar ka yi. Takardun bankrofsi da rantsuwa ake sa musu hannu, ana tambayar duk abin da ka mallaka ko a ina yake a duniya, da abin da ka kyautar ko ka sauya wa suna a shekara biyun baya. Ƙarya a nan laifi ne na tarayya, ana ɗauri a kai. Adashen ma kuɗinka ne. Ka gaya wa lauya filin tun farko, wataƙila ya shiga cikin abin da doka ta bar wa mutum. Akwai lauyoyin taimakon marasa hali kyauta a New York. Har yanzu ba ka faɗi kwanan watan wasiƙar ba.

Sani Columbus: Ni dai ƙani kam kar ka soma. Nawa na bar wa gini a Zariya, na je na tarar ya zuba haya yana karɓa.

Direban Bronx: Filin nan shi kaɗai zan bar wa yara, ba zan rubuta shi a ko'ina ba. Wasiƙar tana mota zan duba. Baban Khalifa turo min lambar lauyanka na biyun ta gefe, nawa ya caje ka?