Buhu 20 na soda: in aje cikin gida ko in kama shago?

Mai sabulu, unguwar Zariya, Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nike nema. Shekara ukku ina sabulun wanki cikin gida, buhu guda na soda, wannan mai ƙuna da ake haɗa sabulu da ita, nike saye in ya ƙare in koma. Yanzu wata ƙungiyar mata ta ba ni aiki babba, sai na sayi buhu 20 lokaci guda masu kilo 25, da bido na javel, ruwan nan na farar da tufafi. Ɗakin da ke hannuna yana jikin madafi, yara bakwai cikin gidan har da na abokiyar zamana. Maigida ya ce in aje nan, ni hankalina bai kwanta ba. Na ga shago bisa hanyar Dan Issa jika 15 a wata. In kama shi? Kuma wace takarda ake nema, meri za ni ko ma'aikatar muhalli?

Dan Kadro: Nawa anka ce miki buhu? Kar ki wuce jika 19, ko shekaranjiya haka na ga an saya.

Direban Jibiya: Jika 19 ina Alhaji? 24 na biya ma matata satin da ya wuce kuma mai ɓawo ce, mai kama da sukari ta fi haka. Wadda ake ba ku 19 ku taɓa buhun ku ji, in ta sha iska ta dunƙule kamar dutse rabin kuɗinki ya tafi.

Hajiya, Bagalam: Ɗiyata ki bar zancen kuɗi ki saurare ni. Ni ma sabulu nike yi da. Lokacin zafi ne, na jiƙa soda da dare don ta huce, sauran na zuba cikin gorar lemu na tura ƙarƙashin gado, wai na ɓoye. Jikana shekararshi ukku ya taso da ƙishirwa ya ɗaga ya sha, ruwan nan fari tas ba ka raba shi da na randa. Ihun da ya yi har yau yana kunnena. Munka ɗura mishi manja da madara, wata maƙwabciya ta sa mishi yatsa ya yi amai, ashe ƙara ƙona shi munka yi. Bakin ya warke munka ce an tsira, bayan 'yan makonni tuwo ya daina wucewa, sai kunu, daga baya kunun ma sai ya dawo. Likita ya ce maƙoshin ya tsuke. Yamai munka riƙa zuwa ana buɗa mishi, na saida awakina na saida filina, yaro yau shekara shidda in kin gan shi sai ki ce ɗan huɗu. Uwarshi ba ta taɓa ce min komi ba, wannan shirun ya fi min zagi ciwo. Kuma wanda na yi shekaru ina sayen soda gare shi bai taɓa buɗa baki ya ce Hajiya ki kula ba.

Malama, likita: Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Don Allah kowa ya riƙe, in yaro ya sha soda kar a sa shi amai, kar a ɗura mishi komi, a ruga likita da gorar a hannu. In ido ko fata ta taɓa a yi ta kwarara ruwa minti 20 ko fiye kafin a kama hanya.

Maman 'yan biyu: Innalillahi, Hajiya kin sa ni kuka, yanzu na tashi na zubar da wadda ke bayan ƙofata.

Baba, tsohon ma'aikacin uzin: Ina kika zubar? Kar dai cikin lungu inda yara ke wasa. Mai tambaya, na yi shekaru ina aiki da abin nan. Soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba mata ruwa, zafi take yi har ta tafasa ta fantsamo ido. Kar ta taɓa tukunyar alminiyum, cinye ta take tana fidda iskar da ke kama wuta, ga shi kin ce ɗakin yana jikin madafi. Buhuna bisa katako, nesa da danshi. Javel kuma kar ta kwana kusa da asid na wankin masai, in sunka haɗu hayaƙin kulor ke tashi. Batun takarda, akwai doka 66-033 ta 1966 bisa wuraren aiki masu haɗari, ta kasa su aji ukku, na farko dole nesa da gidajen mutane, ga kuma dokar muhalli 98-56 ta 1998. Ki je ma'aikatar muhalli ki faɗi yawan kayanki su gaya miki inda kika faɗa.

Dan Kadro: Baba da girmanka, wannan doka ta manyan uzin ce. Shekara 12 ƙanwata na sabulu, patanti kawai take biya. In ta kai kanta buro ta jawo ma kanta biyan da ba ya ƙarewa.

Baba, tsohon ma'aikacin uzin: Ƙanwarka buhu nawa take ajewa? Wannan kilo 500 ne, rabin tan, cikin gida mai yara bakwai.

Dan Kadro: Ni dai mai sana'a nike saurare, ba mai karanta takarda ba.

Malama, likita: Hajiya ai mai sana'a ce Alhaji, ka ji abin da ta ce.

Yaro na Sabon Gari: Anti ki ce ma maigida shi ya koma ɗakin sodar ya kwana ukku, in ya fito lafiya sai a aje 😂

Direban Jibiya: Ni abin da ke ci min rai tono da bido na magani mai guba da ake saidawa bayan sun ƙare. Na sayi tono shuɗi don ruwan gida, mai shi ya rantse min na mai ne, sau biyar ana wanke shi ruwan na ɗaci yana kumfa, sai da wani ɗan lakwal ya karanta min rubutun jikinshi.

Maman 'yan biyu: Har man gyaɗa ana zubawa cikin irinsu. Mu kuma masu rini ne a layinmu, ruwan soda da na rini duk cikin titi, damina ta zo ya bi ruwa ya shigo gidaje, ƙafar ɗana duk ta tsattsage. Mun kai kuka wajen mai unguwa sau biyu.

Mai sabulu, Zariya: Na gode ƙwarai, Hajiya Allah ya ba jikanki lafiya, ban yi barci ba jiya. To amma shagon rufin kwano ne kuma an ce yana yoyo da damina, Baba ya zan yi da wannan?

Direban Jibiya: Maman 'yan biyu wace unguwa ce taku? Don irin wannan ruwan na gani wajen Mokoyo, baƙi ƙirin har akuya ba ta tsallaka shi.