Neman kalmar Hausa: me za mu kira su must da should?

Malamar Turanci: Assalamu alaikum. Gobe da safe ina da darasi kan must, have to, should, ought to da had better, kuma da Hausa nake son yin bayanin. Sunan rukunin nasu nake nema, abin da Turawa ke kira modal verbs. A taimaka kafin dare.

Mai fassara: Wa alaikumus salam. Mataimakin aikatau mana, tunda kullum aikatau, wato kalmar aiki, suke rakawa.

Ɗalibin nahawu: Gafarta malam, ai kalmomin Turanci be da do su ma mataimaka ne. Su must halinsu daban: ba a ƙara musu harafin s, ba a cewa he musts. Must ko shuɗaɗɗen lokaci ba ta da shi, sai an aro had to.

Malamin Islamiyya: Malama, kira su aikatau na hukunci. Must wajibi, should mustahabbi, must not haramun. Yaro zai kama nan take.

Dattijo: Wajibi, mustahabbi, hukunci, duk Larabci! Ina muka kai dole da tilas da ya kamata da gara? Kamar yadda aka ƙera aikatau da bayanau, ni na ƙera tilastau. Wanda ke ba da shawara kuma shawartau.

Malamin Islamiyya: Baba, ita ma shawara daga Larabci ta zo. Kalmar da kakanninmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna faɗa ta zama tamu.

Dattijo: Da wannan sakacin ne harshe ke zama ɗan aro a gidansa. In an ga kalmar baƙi sai a ce ilimi, in an ga tamu sai a ce ƙauyanci. Tilastau tana nan.

Mai fassara: Baba, da girmanka, tilastau ba za ta ɗauki kalmomin Turanci can da may ba, ga shi 'yan gida ɗaya ne. Ita kanta must ba kullum take tilastawa ba. He must be tired nufinsa lalle ya gaji. Mustahabbi kuma ta yi wa should sauƙi a wasu wuraren, domin likitan da ya ce you should rest ba neman lada yake nufi ba. Ya kamata ta fi zama daidai, ita ce kuma ought to.

Ɗalibin nahawu: Malama, inda ɗalibai ke faɗawa rami shi ne korewa. Must da have to duk dole ne, amma mustn't nufinta kada ka yi, don't have to kuwa ba sai ka yi ba. Ɗaya hani, ɗaya zaɓi. Had better kuma gara ce mai gargaɗi a ciki: gara ka tafi yanzu, in ba haka ba ka makara.

Malamar Turanci: Na gode, wannan na korewar da shi zan buɗe darasin. A allo zan rubuta "mataimakan aikatau na dole da na shawara". Ya yi tsawo, amma ba zai ɓatar da kowa ba.

Dattijo: Wannan bayani ne, 'yata, ba suna ba. Ki yi na gobe da shi. Amma ki faɗa musu tilastau ko sau ɗaya, mu ji ko za ta zauna a bakinsu.

Malamar Turanci: Zan faɗa, Baba, a kan must kaɗai.